Turare, malaina, mangwaro ko darbejiya: wanne za ka loda idan ka samu itacen kyauta a Jos?

Itacen kyauta a Jos yana da lokutansa. Iskar farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, takan kayar da manyan bishiyoyi a cikin unguwanni. Ma'aikatan wutar lantarki sukan sassabe rassan da suka hau waya su bar su a bakin titi. Mai fili zai fara gini, ya sa a sare abin da ke ciki, yana neman wanda zai kwashe masa. A duk waɗannan, kafin ka iso ganye ya tafi: ko awaki sun cinye, ko an share an ƙona. Abin da za ka tarar gungume ne da rassa tsirara, wani lokaci iri uku ko huɗu a cakuɗe wuri guda.

Kyautar kuma a baki take. Za ka biya mai keke ko mai a-kori-kura, za ka biya mai faskare, kuma kuɗin lodi ɗaya ne ko da me ka cika motar. Don haka kafin a ɗaga gungume na farko, tsaya ka san abin da ke gabanka. Ka kuma nemi mai shi. Bishiyar da ta faɗi tana nan da mai ita, kuma ta cikin gandun gwamnati ba ta ɗauka ba ce ko da ta bushe a tsaye.

Abu ɗaya da zai rage maka ruɗani shi ne wannan: kilo ɗaya na busasshen itace, kowane iri ne, kusan zafi ɗaya yake bayarwa. Bambancin yana wajen yawan kilon da ke cikin gungume. Gungumen marke da na malaina masu girma ɗaya, idan duk sun bushe, na marke ya kusa ninka na malaina a nauyi, saboda haka ya kusa ninka shi a yawan girkin da zai yi. Amma nauyin ɗanyen itace yana yaudara, domin a wasu irin kusan rabinsa ruwa ne. A nan mutane da yawa suke faɗawa: su ɗaga ɗanyen malaina su ji ya yi nauyi, su cika mota, bayan wata huɗu su tarar da itacen da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya.

Yadda ake duba gungume

Ɓawo kaɗai ba ya isa. Ɓawon tsohon mangwaro da na darbejiya da na ɗorawa duk baƙi-baƙi ne masu tsagewa, kuma laka da rana suna ƙara haɗa kamanninsu. Ka zo da adda mai kaifi. Sari ɓawon a karkace har ka kai ga itacen, ka buɗe wuri kamar faɗin tafin hannu. Dubi launin cikin ɓawon, ka jira minti biyu ko uku ka ga ko wani ruwa zai tsattsafo: fari ne mai kauri, ja ne, ko ƙaro ne mai danƙo. Sannan ka sunsuna. Bayan haka ka koma bakin da zarto ya yanka, ka kankare ƙurar da adda, ka duba ko akwai zuciya mai duhu a tsakiya da farin zobe a kewaye, da kuma faɗin kowanne. Kada ka ɗanɗana itacen da ba ka sani ba. Ka kuma duba ƙasan wurin, don sau da yawa busasshen ganye ko ƙwallon 'ya'ya ko kwanso yana nan a ƙarƙashin tarin, kuma shi ya fi komai saurin faɗa maka gaskiya.

Idan akwai reshen da ya riga ya bushe, akwai gwajin da ya fi ɗagawa da hannu. Yanki miƙaƙƙen guntu mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, tsawon kamar santimita 30, ka ɓare ɓawon, ka tsayar da shi a cikin bokitin ruwa kana tallafe shi da yatsa don kada ya kwanta. Iya inda ruwa ya kai shi ne ma'aunin nauyinsa. Malaina ba ta cika wuce rabi ba. Mangwaro yakan ɗan haura rabi. Darbejiya takan kai kashi biyu cikin uku ko sama kaɗan. Tsohon turare yakan nutse ya bar ɗan kai a waje. Marke da ƙirya kuwa da ƙyar suke leƙowa, wani guntun ma yakan tafi ƙasa. Gwajin ba ya aiki da ɗanye, don ruwan cikinsa zai nutsar da shi ko da marar nauyi ne.

Turare

Shi ne itacen da ya fi yawa a kewayen Jos da Bukuru har zuwa Barikin Ladi. Wasu suna ce masa zaiti, a nan Filato kuma za ka ji ana cewa rastata. Asalinsa daga Ostareliya ne, kuma tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka riƙa dasa shi a filayen da haƙar kuza ta lalata. Gane shi ba wuya. Ɓawon jikinsa sumul ne, yana saɓulewa falle-falle ya bar dabbare-dabbaren fari da toka-toka da ruwan ƙasa, sai can gindi ne yake da kaushi. Zuciyarsa ja ce, a tsohuwar bishiya ja sosai, kuma sau da yawa za ka ga jan ƙaro ya daskare a inda ya taɓa jin rauni. Bakin yankan yana fara tsagewa daga tsakiya zuwa gefe cikin 'yan kwanaki. Idan ka samu ganye ko ɗaya ne, murza shi, ƙamshin man zafi zai tabbatar maka.

A cikin huɗun nan shi ne zaɓi na farko, ba tare da wata-wata ba. Busasshen tsohon turare yana da harshen wuta mai ƙarfi, yana barin garwashi mai daɗewa, tokarsa kuma kaɗan ce. Shi ya dace da tukunyar biki, da dafa wake ko ganda, da dumama ruwan wanka a sanyin Disamba da Janairu.

Sai dai yana da sharuɗɗa guda biyu da ba a tsallakewa. Na farko, a faskara shi yana ɗanye, cikin mako ɗaya ko biyu da sarewa. Zaren itacensa a murɗe yake, yana sarƙe da juna, kuma da zarar ya bushe gatari sai ya riƙa tsalle a kansa. Mai faskare zai ƙara maka kuɗi, ko ya ce sai an kawo injin yanka. Na biyu, kada a ƙona shi ɗanye. Yana iya kamawa saboda man da ke jikinsa, wannan ne ma yake sa mutane su ɗauka ya yi, amma hayaƙinsa yana da yaji, yana baƙanta gindin tukunya da kunkunniya mai danƙo, ƙamshinsa kuma yana shiga nama. Ko busasshen yakan yi tartsatsi, saboda haka a nisanta shi da rumfar ciyawa da tabarma.

A lura kuma da shekarunsa. Turare yana sake tohowa daga kututture, shi ya sa masu gonarsa suke sare shi duk bayan 'yan shekaru su sayar da sanduna ga masu gini. Kawunan waɗannan sandunan da ake bari a gona yawancinsu farin itace ne, zuciyar ba ta ƙosa ba. Suna ci da kyau, suna saurin bushewa, amma kada ka sa ran garwashin tsohon gungume daga gare su.

Malaina

Ɓawonta sumul ne shi ma, wannan ne yake sa wanda bai saba ba ya ɗauke ta turare. Amma nata ba ya saɓulewa falle-falle, launinsa toka-toka ne mai haske ko ruwan ƙasa-ƙasa, da 'yan ɗigo-ɗigo a jiki. Ka sare shi ba za ka ji ƙamshin komai ba. Bakin yankan fari ne mai ɗan rawaya tun daga gefe har tsakiya, babu jar zuciya. Ganyenta faffaɗa ne mai siffar zuciya, 'ya'yanta kuma rawaya ne idan sun nuna, awaki suna son su.

Ita ce mai yaudarar da aka ambata a sama. Ɗanyarta cike take da ruwa, kuma tana jinkirin sakinsa fiye da yadda rashin nauyinta zai sa ka zata. Idan ta bushe kuma sai ta ci da sauri, ta ba da harshen wuta mai haske, ta koma toka ba garwashin kirki. Wannan ba ya nufin ba ta da amfani. Tana da sauƙin faskare ƙwarai, kuma ga mai suyar ƙosai ko masa ko mai shayi, wanda yake son wuta ta tashi nan take ya kuma iya rage ta nan take, ta fi turare biyayya. Hukuncinta dai shi ne: idan a unguwarku take, baro zai kawo ta, ɗauka. Idan sai ka yi hayar mota daga Rayfield zuwa Farin Gada saboda ita, lissafin ba zai fita ba.

Mangwaro da darbejiya

Waɗannan biyun su ne aka fi rikitawa, kuma sara ɗaya na adda yana raba su. Cikin ɓawon darbejiya ja-ja ne, warinsa mai ɗaci, wasu suna jin kamar da ɗan warin tafarnuwa, zuciyar itacen kuma ja ce mai ruwan ƙasa da farin zobe a kewaye. Mangwaro kuwa yana fitar da ruwa mai danƙo da ƙamshi irin na ɗanyen mangwaro idan an tsinke shi daga reshe, itacensa fari-fari ne mai toka-toka, babu wata iyaka bayyananna tsakanin zuciya da gefe, wani lokaci da baƙaƙen zane-zane idan ya kwana biyu a ƙasa. Ruwan nan na mangwaro yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, don haka mai lodi ya sa riga mai dogon hannu.

A wajen wuta darbejiya ta fi. Ta fi nauyi, garwashinta ya fi daɗewa, kuma ƙwari ba su cika damunta a ajiya ba. Aibinta hayaƙi ne mai ɗaci idan ba ta gama bushewa ba, shi ya sa ba a so a gasa nama kai tsaye a kanta sai ta zama garwashi. A ƙarƙashin tukunya mai murfi ba ta da wata matsala.

Mangwaro matsakaici ne a komai, kuma babbar matsalarsa ajiya ce. Ƙwarin da ke huda itace suna shigarsa da wuri. Za ka fara ganin 'yan ramuka da gari mai laushi yana zuba a ƙarƙashin tarin, kuma duk garin nan itacenka ne yake raguwa. Idan aka bar gungumensa a ƙasa cikin damina, fumfuna da ruɓa suna cin sa cikin 'yan watanni. Amfaninsa shi ne yawa: tsohon mangwaro ɗaya yakan cika mota fiye da sau ɗaya. Ka faskara shi nan da nan, ka fara ƙona shi kafin sauran, ka bar turare da darbejiya su jira. Manyan mararrabar rassansa kuwa, inda zare ya cukurkuɗe, bar su a wurin sai dai in kana da babban murhu da zai ci su a dunƙule.

Idan aka ci sa'a da itacen daji

A cikin gari ba kasafai ba, amma wajen gonaki, ko hanyar da ta gangara daga tsaunin Jos, akan samu. Marke yana da ɓawo mai haske da ke ɓamɓarewa ƙanana-ƙanana, cikinsa rawaya, itacen rawaya-rawaya da 'yar ƙaramar zuciya mai duhu. Ƙirya baƙin ɓawo gare ta mai kaushi, zuciyarta ja ce mai duhu, tana dakushe gatari, kuma ita maƙera suke nema don gawayi. Tsamiya faffaɗan farin gefe gare ta da 'yar zuciya mai duhu sosai. Duk ukun sun fi turare, kuma ko rabin mota ka samu ya cancanci kuɗin hayar. Gwaiba ma, duk da rassanta ba su da kauri, itace ne mai nauyi da garwashi mai tsabta, ga masu gashin nama da kifi babu kamarta a cikin itatuwan gida. Za ka gane ta da santsin ɓawonta mai saɓulewa siriri da kuma karkacewar rassan.

Kaɗanya tana da ɓawo mai kauri da ya tsattsage gida-gida kamar bayan kada, cikinsa ja da farin ruwa, kuma tana ci da kyau. Ɗorawa ba ta kai ta ba, tana saurin cinyewa. Amma waɗannan biyun da atili, wanda ake ji da shi a yankin Pankshin, bishiyoyin abinci ne. Wadda iska ta kayar, a ɗauka da izinin mai gona. Wanda ya ce zai sare maka mai rai don ka samu itace, ka ce masa a'a, domin abin da take bayarwa duk shekara ya fi girkin wata biyu daraja nesa ba kusa ba.

Ɓaure da ceɗiya da durumi duk suna fitar da farin ruwa, itacensu ba nauyi, hayaƙi ya fi wuta yawa. Rimi da kuka ba su cancanci ko ɗagawa ba. Fiya da kashu suna ci idan sun bushe amma ba su da ƙarko, kuma ruwan kashu yana ƙona fata.

Abin da ba a kai wa murhu ko an haɗa maka da kuɗin mota

Ƙerana, wadda ake shinge da ita a ƙauyukan Filato, farin ruwanta yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuma yana iya yi masa mummunar illa. Haka tinya. Haka kuma wasu furannin ado da ake dasawa a shingen gidaje da makarantu, masu dogon siririn ganye da fure ruwan hoda ko rawaya, waɗanda dukkan jikinsu guba ne. Ƙa'ida mai sauƙi: duk abin da ya fitar da farin ruwa kuma ba ka san sunansa ba, bar shi.

Haɗarin da ya fi wannan yawa a cikin gari shi ne katakon da aka yi wa magani. Tsofaffin turakun wutar lantarki an jiƙa su da maganin hana ruɓa. Wasu baƙi ne masu warin kwalta, wasu kuma launinsu kore-kore ne, kuma irin wannan na biyun maganinsa yakan ƙunshi sinadarin arsanik, wanda yake fita a hayaƙi ya kuma zauna a toka. Tsohon katakon rufi da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, ƙofa mai fenti, da allunan da aka manne da gam irin na kabad da teburin zamani, duk hukuncinsu ɗaya. Guntayen da masu yanka suke zubarwa a kasuwar Katako kuwa, idan tsurar katako ne da ba a shafa masa komai ba, suna da kyau, kuma sau da yawa sun riga sun sha iska. Ka dai tsince masu fenti da masu gam, ka lura da ƙusa.

Bushewa, wadda ita ce rabin aikin

Itace yana ci da kyau idan ruwan cikinsa ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa. Ba sai da na'ura ba. Ɗauki guntu ɗaya daga tsakiyar tarin, ka auna shi a sikeli, ka rubuta nauyin a jikinsa da gawayi, ka riƙa sake aunawa duk mako. Guntun da ya fara da kilo 10 yana ɗanye sosai yakan tsaya a wajen kilo 7. Ranar da ka ga mako biyu a jere nauyin bai sauka ba, ya yi. Alamun da ke tafiya da wannan su ne ɓawo ya saki, bakin ya tsattsage, kuma idan ka buga biyu da juna su yi ƙara mai kaifi. Wanda ka sa a wuta ka ji yana tsuwa, kumfa tana fita ta ɗaya bakin, bai gama bushewa ba.

Yanayin Jos yana da tasiri a nan. Wanda aka faskara a Nuwamba, iskar hunturu takan gama da shi cikin wata biyu zuwa uku. Wanda iskar Afrilu ta kayar kuwa zai shiga damina mai tsawo har Oktoba, ga ruwan Yuli da Agusta da ba ya barin rana ta fito, saboda haka ka ɗauka itacen sanyi mai zuwa ne, ba na girkin wannan makon ba. A yanka shi tsawon santimita 40 zuwa 50, a faskara kaurin kada ya wuce santimita 10. A jera bulo ko duwatsu a ɗaga tarin kamar santimita 20 daga ƙasa saboda gara da laima, a bar tazara tsakaninsa da bango. A rufe sama kaɗai da tsohon kwano. Wanda ya lulluɓe tarin gaba ɗaya da leda ya kulle ruwan a ciki, bayan wata biyu zai buɗe ya tarar da fumfuna. Kuma a ware iri-iri tun wajen jerawa, mangwaro da malaina a gaba inda hannu zai fara kaiwa, masu nauyi a baya.

Wajen hura wuta, haɗawa ta fi amfani da iri ɗaya. Ƙirare da tsagin malaina su tayar da ita, turare ko darbejiya su riƙe ta. Garwashin masu nauyin nan ne kuma yake jan hankalin mutane su ɗebe shi a kasko su kai ɗaki a daren sanyi. Garwashi yana fitar da iskar guba marar wari da launi ko da babu hayaƙi ko kaɗan, kuma tana kashe mutane a cikin barci a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. A ji ɗumin a tsakar gida ko a inda iska take ratsawa, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta.